Famfon Mai Biyu a Mota Ɗaya

Har gobe ba na mantawa da ranar da famfon mai ya kusa raba ni da aikina, kuma tunda kun ce in ba ku labarin zamana a Malesiya, da ita zan fara.

A lokacin ina wani ƙaramin gareji a Sentul, cikin Kuala Lumpur. Mai garejin Ba'indiye ne haifaffen can, muna ce masa Ankul Raju. Shi ne oga, ni ke bi masa. A watan Maris na 2020 aka rufe gari saboda korona, da aka ba mu damar buɗewa kuma aiki ya ja baya, ya sallami mutum biyu ya bar ni. Sharaɗi ɗaya ya gindaya min: duk motar da ta dawo da ciwon da aka gyara, wanda ya gyara ta ya tattara kayansa. Ina da mata da 'ya'ya biyu a ƙasar da ba tawa ba, don haka maganar ta zauna min daram.

Bayan babbar sallah sai ga Dakta Habibu daga unguwar Wangsa Maju da tsohuwar motarsa. Ɗan Zariya ne, yana digiri na uku a kan man fetur. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya tsaya min a matsayin uba ranar ɗaurin aurena.

"Injiniya Sabo, motar nan ta dame ni da kuka," in ji shi. "In na hau gada kuma sai ta riƙa shaƙewa."

Na murɗa makulli ban tayar da inji ba, na kasa kunne a kujerar baya. Ga waɗanda ba su sani ba, famfon irin wannan motar a cikin tanki yake zaune, shi ke tura mai zuwa inji. Lafiyayye yakan yi ɗan gunji na daƙiƙa biyu ya yi shiru. Na Dakta kuwa ƙara yake yi siririya kamar sauro a kunne. Na ɗaura agogon awo, ƙarfin turawar ya yi ƙasa. Na duba waya, wuta na zuwa daidai. Na ce famfo ne, kuma ban yi kuskure ba.

Na zare fis na bar injin ya mutu da kansa, na cire kan batir, na ɗaga kujera, na kwance murfi na zaro tsohon famfo na sa sabo da sabuwar roba. Ƙa'idar Ankul ita ce kafin ka rufe, ka haska cikin tanki da tocila, ka ɗebi man a kwalba ka duba. Ban yi ba. Ina taƙama da kunnen da na koyi aiki da shi a Ƙofar Ruwa ta Kano, ga takunkumi ya ishe ni da zafi, ga azahar ta yi. Na rufe, mota ta tashi lafiya lau, Dakta ya sa min albarka ya tafi.

Kwana tara ya dawo, sauron ya dawo da shi.

Ankul ya tsaya a kaina na sake buɗewa. Rariyar da ke bakin famfon ta toshe da wani abu mai danƙo, ruwan ƙasa-ƙasa. Na ɗebi man a kwalba, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, warinsa kamar tsohon fenti, sama-sama kuma da ƙanshin man girki. Nan take na gane abin da ya faru, domin ni ma ɗan gida ne. Da aka ce za a rufe gari, mutuminmu ya ɗauka wahalar mai ce ke tafe irin ta Kano da Zariya, ya samo tsofaffin galan-galan na man girki ya cika su da fetur ya ɓoye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Man nan ya yi watanni yana shan zafi da raɓa, shi kuma ya ƙi yarda ya yi asara, yana ta ɗura wa mota kaɗan-kaɗan.

Ankul ya juya ga Dakta. "Bos, a ina kake shan mai?"

"A gidan mai," in ji Dakta, idonsa a ƙasa.

Ankul ya dube ni. "To kai ne ke nan. Ko dai ka bar datti ya shiga, ko robar ba ta zauna ba ruwan sama ya samu hanya. Faɗa min."

Gaskiya na ji tsoro ƙwarai. Magana ɗaya za ta fid da ni, amma maganar nan ita ce in ce dattijon da ya aurar da ni ya yi ƙarya, a gaban baƙo, kuma masanin fetur ya yi abin da ɗan bumburutu ba zai yi ba. Ga shi ajiye fetur a bene laifi ne da zai iya sa a kore shi daga gidan haya. Na ce, "Wataƙila ni ne, Ankul."

"Boleh, shi ke nan. Gama wannan, ka ajiye min makullan shago."

Na sunkuya ina tattara sifanu. Sai na ji Dakta ya yi gyaran murya. Ya sauke takunkuminsa, abin da ba a yi a lokacin, ya faɗa wa Ankul komai da Turanci: galan nawa ne, a barandar baya suke, tun yaushe. Bai rage ko ɗaya ba.

Ankul ya daɗe yana kallonsa, ya kasa gane dalilin da zai sa mutum ya ɓoye mai a garin da gidan mai bai taɓa rufewa ba. Daga baya ya juyo kaina.

"Famfo na farko mai motar ne ya kashe," ya ce. "Na biyu kai ka kashe, tunda ba ka leƙa tanki ba. Sauke tankin ka wanke, ka canza filta. Makullan su zauna a wurinka."

Yini guda na yi ina wannan wanki, Dakta na zaune a kan tsohuwar taya ya ƙi tafiya. Da Ankul ya fita yin tapau, wato sayo abinci a ƙunshi, na ce, "Dakta, ai da ka bari, zan samu wani wurin."

"Haba Sabo. Ka rufa min asiri da abincin 'ya'yanka, ni kuma in karɓa? Da wane ido zan dubi matarka?"

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. Famfo ba ya mutuwa haka kawai, akwai abin da ya kashe shi, in ba ka nemo shi ba zai kashe sabon ma. Sau da yawa kuma mai motar ya sani, kunya ce ta hana shi faɗa. Ku ja shi gefe inda ba kowa, ku tambaye shi a hankali tun kafin ku taɓa sifana. Da na yi wa Dakta tambaya ɗaya a ranar farko, da bai tsaya da furfurarsa yana tona kansa a gaban baƙo don ya cece ni ba.