Turin da Muka Yi wa Motar Baba

Shekara ashirin da ɗoriya mahaifina yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Tambuwal da Kebbe da mota ɗaya, tsohuwa tukuf, wadda fentinta ya koɗe har ba mai iya rantsuwa kan launinta. Da yanar ido ta rufe masa gani sai ya ajiye tuƙi. Likita ya ce bayan kaka a kai shi Sakkwato a cire yanar, shi kuwa ya ƙudurta ranar da ya gani, ranar zai koma hanya. Da wannan buri yake kwana, da shi yake tashi.

Ni malamin firamare ne, tuƙina na karambani ne, shi ya sa bai taɓa ba ni makulli ba. Sai gwaggona ta aiko daga Kebbe a je a ɗauko gero buhu biyu da ta ware masa. Ya daɗe yana juya makullin a hannu kafin ya miƙo.

Lafiya lau na je. A dawowa, bayan azahar, motar ta fara shaƙewa, ta yi wata irin atishawa ta salansa, ƙarfinta ya zube, ta mutu a tsakiyar gonaki. Na murɗa makulli, injin ya juya sakayau, babu nauyin nan da na saba ji. Direban gaske da ya ji haka zai janye hannunsa. Ni kuwa, da yake na fi kowa sani, na yanke cewa batir ne.

A ƙasarmu ba a barin mai mota shi kaɗai a kan hanya. Kafin in buɗe baki, manoma bakwai sun yar da fartanyunsu sun tsallako kunyoyin gona. Babbansu, wani dattijo mai laka har gwiwa, ya dafa bayan motar.

"Malam, sa mata giya ta biyu. Turi ɗai taka so, mun san aikinga."

Suka tura, na saki kuloci, ta yi tsalle ta tsaya. Suka sake. A na uku muka samu gangara, suka zage da gudu suna kabbara, na saki kuloci da ƙarfi. Sai na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga cikin injin, kamar cokali ya faɗa injin niƙa. Manoman suka saki motar. Da igiya wata motar a-kori-kura ta jawo ni har gida.

Bakaniken da ya zo tsohon abokin Baba ne. Ya kwance murfin gefen injin ya nuna mini taimin bel, wata ɗamarar roba mai haƙora. Ya ce ita ke tsara wa bawul da fistin lokacinsu, wannan ya kauce kafin wancan ya taso. Haƙoranta sun zube wajen tsawon yatsa, kuma alamomin da ya kamata su dubi juna kowacce ta kama gabanta.

"Tsallake ta yi, shi yas sa tam mutu," in ji shi. "In nan tat tsaya, bel ɗai muka canzawa. An tura ta?"

Na ce sau uku. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ya ɗaura wani bel, ya daidaita alamomin, ya cire fulogai huɗun. Ya toshe ramin fulogin farko da babban yatsa ya ce in murɗa makulli. Injin mai rai yakan ture yatsan da iska. Haka ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai. Da ya haska ciki, fistin biyu sun fashe. Sai dai a sa wani injin, mu kuwa ba mu da wannan halin.

Duk abin nan Baba yana zaune a zaure yana saurare. Ya ce a kamo hannunsa. Ya laluba injin kamar mai shafa kan mara lafiya, ya sa nasa yatsan a rami.

"Murɗa."

Na murɗa. Ya koma na biyu, na uku, na huɗu. Ina kallon yatsan ko motsi bai yi ba, hawaye suka hana ni ganin sauran.

"Duka fuɗun babu iska," ya ce a hankali. "Su nawa sunka tura?"

"Bakwai, Baba."

"Ka yi musu godiya?"

Na ce na yi.

"To madalla. Aikinsu sunka bari."

Ko kalma ɗaya bai ƙara ba kan motar, ranar ko bayanta. Na so ya yi faɗa, na so ya tuna mini cewa ni ba direba ba ne. Har yau wannan shirun yana ci mini rai.

Da aka gama girbi na same shi na ce lokacin zuwa Sakkwato ya yi, na ma shirya motar haya. Ya ce a bari sai an sarara. Bayan sallah na sake tuna masa, ya ce ai ba gaggawa. Damina biyu ya ƙara a duniya, kuma bai yarda an taɓa idon ba.