Bulon ɗin da na sayo da baki

Tasin ta surukina ce, mijin 'yata ta biyu. Shekarar da ya karye a ƙafa ya kwanta wata uku, sai ya aiko mini da makullinta ta hannun matarsa, don ni da shi ko ido ba ma haɗawa. Da wannan mota gidansa ke ɗora tukunya. Na sa mata direba, gyara kuwa na ce nawa ne.

Da injin ya fara kaɗawa, na kai ta wurin bakanikenmu a gangaren unguwar Birik, wani Bakano mai ƙarancin magana. Ya ce robar fulin gaba ce ta mutu, ƙarfen nan mai nauyi da ke zaune a hancin bilbirkan, wanda su a Kano suke kira karanshaf. Aka samo wani fulin. Tsohon bulon da ke riƙe shi ya yi baƙi, sai na ce shi ma a sake shi. Ya ce in tafi da tsohon a hannu. Na bar masa shi a kan taya. Ni kuwa a zamanina na ja babbar mota har Njamena da Bangi, na sayi kayan gyara da Larabci da Fulatanci da Faransanci, kuma ko'ina da lambar sufana muke kiran bulon. A kasuwar Mokolo na ce a ba ni na diznef, wato lamba sha tara. Kan ya yi daidai, tsawon ya yi daidai, ban dubi zaren ba.

Da na kawo, bulon ya shiga zagaye biyu da hannu, sannan ya cije. Bakaniken ya tsaya. Ni na ce fulin ne yake ja, ya ƙara bututu a sufanar. Ya ƙara don girmana. Muna cikin ja, sai sufanar ta juya babu nauyi.

Da ya zare bulon, ɓarɓashin ƙarfe na ƙyalli a jikinsa. Ya haska ramin da fitilar waya, ya daɗe bai ɗago ba. Daga baya ya ce zaren bakin ya cinye, in na ciki ma ya tafi sai an sauke inji an nemo wani bilbirkan, kuma makonni ne. Na zauna a kan wani tsohon batir. Teloli uku ne ke fuskantar garejin, duk sun tsayar da kekunansu. Na san kafin La'asar labari zai kai ɗakin da surukina yake kwance, ni kuma ban san da wane baki zan aika masa ba.

A Bangi na taɓa ganin an yi wa fuli walda da bilbirkan, mota ta tashi, ba a sake iya buɗe ta ba. Na ce ko mu yi haka.

"Baba," in ji shi, "amana ce fa aka ba ka."

Ya ɗauko tsohon bulon daga kan taya, ya yanka masa tsaga uku da zarto, ya shafa giris. Sai ya murɗa kaɗan, ya dawo baya, ya zare, ya goge ɓarɓashi, ya sake. A Duwala na ga masu akwati guda na ƙarafan gyaran zare, shi kuwa wannan kaɗai gare shi, kuma in ya shiga a karkace shi ke nan. Ni ke riƙe fitila. Aka kira Azahar, muka yi, ban san me liman ya karanta a zuciyarsa ba, ni dai zare nake ƙirgawa. Da muka dawo, a murɗi na ban san nawa ba, bulon ya wuce da yatsu biyu har ƙarshe. Zaren ciki na nan.

Tsohon ya riga ya zama kayan aiki, don haka na sake hawa Mokolo a ƙafa, ina damƙe da shi. Na jera shi da wanda zan saya, haƙori cikin haƙori, na ɗaga su sama in ga ko haske zai ratsa.

Da yamma na kira 'yata na gaya mata duka, har da bututun. Washegari ta dawo ta ce mijinta yana gaishe ni, ya ce Allah ya ƙara girma. Ban san abin da ya ce kafin nan ba. Har yau in tasin ta gangaro layinmu, nakan daina magana in saurari gaban injin.