Daga Birnin Kebbi Zuwa Zongon Kwatano Saboda Wani Baƙo

Talata: Birnin Kebbi zuwa Paraku

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na kulle gidana na nufi tasha. Ƙanen marigayi maigidana ne ya kira ni, Alhaji Mudi, mai kai wa jiragen ruwa nama a Kwatano. Ya ce akwai wani kukun jirgi ɗan ƙasar Filifin, Danilo, wanda masu jirgin suka yi watsi da shi da abokan aikinsa. Abokan sun watse, shi kuma shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Da asibiti ta sallame shi, Alhaji ya kai shi gidansa na Zongo. Turanci ya ɓace wa Danilo, saura harshen uwarsa, Tagalog.

"Yaya, ke kika yi aikin jinya tare da mutanensu a Jidda. Ki zo ki ji mana abin da bawan Allahn nan ke faɗa. Danginsa ba su san inda yake ba."

Mun gwada ta waya, muryar ba ta fita. Dole na taso.

Mun tsallaka iyaka a Tsamiya ƙarfe goma sha ɗaya. Jandarman garin Segbana ya juya takarduna ya ce, "Hajiya, kasuwanci?" Na ce tafinta. Ya dube ni, ya dubi jakata, ya miƙo mini takardun. A Kandi muka canza mota, muka shiga Paraku ana kiran magariba. Na kwana a gidan wata mai abinci kusa da tasha, ta ba ni sakwara da soyayyen cuku.

Laraba: Kwatano

Bas ta tashi ƙarfe bakwai. Kilomita ɗari huɗu da ɗoriya ne, kuma duk tsawon hanyar ina tono kalmomin da na rabu da su shekara tara. Cunkoson motoci a Kalabi ya cinye mana awa guda. Ƙarfe uku da rabi ɗan zem, wato ɗan acaɓarsu mai rawayar riga, ya sauke ni a Zongo.

Matar Alhaji ce ta tarye ni, Iya Latifa, Bayarabiyar garin Ajashe. Ita ke ba Danilo abinci da cokali wata biyu ke nan. Na same shi a kujerar roba, ramamme, bakinsa ya karkace. Na gaishe shi da Tagalog, na haɗa da "po", kalmar da suke girmama mutum da ita. Ya zuba mini ido, hawaye ya bi masa kumatu.

Magana ɗaya yake ta maimaitawa. Na kasa kunne na ji "buhay ko", wato rayuwata. Na ce wa Alhaji, "Kukan rayuwarsa yake yi." Na rarrashe shi, sai ya kawar da kai.

Alhamis: Zongo

Da hantsi muna tsinke alayyafo a tsakar gida, Iya Latifa ta ce, "Yaya, ki sake faɗa mini kalmar jiya."

Na faɗa.

"A'a. Ba haka yake faɗa ba. Ke kina danna farkon, shi ƙarshen yake ɗagawa."

Na ce ai ciwo ne ya karkata masa harshe. Ta girgiza kai. Ta ce a Yarabanci "oko" miji ne, a ɗaga ƙarshen ya koma fartanya, a sauke shi ya koma mota. Wanda ya tashi da irin wannan harshe, in ji ta, ba ya raina hawa da saukar murya. Na ce ai mu ma muna da shi, ga fari na launi ga fari na rashin ruwa. Ta ce, "To me ya hana ki ji nasa?"

Kunya ta kama ni. Tagalog ba ya rera kowace gaɓa kamar Yarabanci, amma inda aka danna kalma yana sauya ma'anarta. A danna farkon "buhay", rayuwa ce. A danna ƙarshen, mai rai ke nan. Ba "buhay ko" mutumin nan yake cewa ba, "buhay ako" ne: ina raye. Saƙo yake bayarwa a kai gida, ni kuwa na mayar da shi mai kuka.

Na koma na durƙusa gabansa na faɗa daidai. Ya damƙe hannuna da hagunsa. Na ce wa za a gaya wa? Ya ce "Ate", wato yayarsa mace. Lambar wayarta ta ɗauke mu har azahar, yana ƙirgawa "isa, dalawa, tatlo", wato ɗaya, biyu, uku, yana tsayawa inda lambar take, Alhaji na rubutawa. Sau biyu muka faɗa kan wasu mutane daban. A na uku wata mata ta ɗauka. Da na gaya mata, sai na ji wayar ta faɗi ƙasa. Da ta dawo ta ce sun riga sun yi masa addu'ar mamaci a coci.

Da aka kawo abincin rana, Danilo ya dubi Iya Latifa ya furta abin da ta ce kullum sai ya faɗa in ta ajiye kwano: "Kain tayo." Ta ce mene ne? Na ce, mu ci abinci. Na ƙara mata da cewa su "mu" biyu gare su: "kami", mu ban da kai, da "tayo", mu har da kai. Ta ce su a Yarabanci "awa" ɗaya ce tak, kamar tamu. Sai ta tambaye ni.

"Wacce ya faɗa?"

"Har da ke."

Wata biyu tana ba shi a tsaye, sannan ta je ta ci nata a madafi. Ran nan ta jawo kujera, ta wanke hannu.

Asabar da Lahadi: komawa

Na bar Zongo ƙarfe shida na safe, bayan yayar Danilo ta fara neman masa takardun tafiya ta ofishin jakadancinsu. Tun ran Juma'a na rubuta wa Iya Latifa kalmomi ashirin, ta sa musu alamomin murya irin na Yarabanci, ta karanta su fiye da yadda nake faɗa. Na sake kwana a Paraku, na iso gida Lahadi da la'asar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Mudi da ya ɗauki baƙon da bai haɗa komai da shi ba. Iya Latifa kuwa, ni aka ɗauko daga nesa don na iya harshen, amma ita ta ji shi.