Wurin da Mama Rifkatu take yin shiru

Da safen nan aka bugo mini waya daga Talata Mafara. Mama Rifkatu ta rasu.

Wayyo Allah. Na kasa komai.

Tare muka yi koyarwa a wata firamare a Bakura, lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori. Na zo baƙuwa ban san kowa ba. Ita ta ba ni katifa, ita ta koya mini doguwar gaisuwar mutanen nan, tana tsokanata: "Asabe, ke kina gaisuwa kamar kare ya biyo ki."

Mijinta Bitrus a wurin dam yake aiki. Wata rana wani direban tifa, Garba, mutumin Maradun, ya yi baya da mota bai duba ba, ya take shi. Aka bar ta da yara ƙanana, ga ciki.

Bayan nan na lura da wani abu a coci. In muna addu'ar Ubangiji, aka zo wurin da muke roƙon Allah ya gafarta mana yadda muke yafe wa wasu, sai ta rufe bakinta. In an wuce, ta ci gaba.

Na tambaye ta. Ta ce, "Ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Ban yafe ba, kuma ina tsoron ya yi mini daidai yadda na roƙa."

Ta daɗe a haka, abin yana cin ta, duk ta rame.

Sai ga tsohuwar Garba tun daga Maradun, da ƙwaryar gero a ka. Ta durƙusa a tsakar gida. "Ɗiyata, ki yahe mishi don Allah. Tun rannan bai koma taɓa mota ba."

Mama ta ce, "Inna, tashi. Ki ce ya zo da ƙafarsa."

Ya zo, ya kasa ɗaga kai. Ta zuba masa tuwo da hannunta. Da ya tafi ta ce mini, "Yesu yana kan gicciye ya nema wa masu kashe shi gafara, su ko haƙuri ba su ba shi ba. Ni har gida aka biyo ni."

Ranar Lahadi ta faɗi addu'ar duka, tana kuka. Ni ma na yi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Kirsimetin bara ne. Na ce mata ita waliyyiya ce, ta harare ni. "Kada ki ɗauka sau ɗaya na yafe. Duk ranar da na tuna Bitrus sai na sake yafewa sabo."

Wanda ya bugo mini ya ce Malam Garba ya iso tun ɗazu, yana dogara sanda. 'Ya'yanta sun zaunar da shi a tabarmarsu, tare suke karɓar gaisuwa.

Ya Ubangiji mai jinƙai, ka karɓi baiwarka Rifkatu, ka ba ta hutawa a wurinka, cikin sunan Yesu. Amin.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi wa iyalinta addu'a. Ku sa har da Malam Garba, a cikinsu yake.