Durƙuson Markus a Sito

Markus mutumin Manga ne, amma a unguwar Rikoto na san shi, don shagon ɗinkina yana kallon kantin Oga Anselm inda yake gadi. Babu abin da ya taɓa zo masa a sauƙaƙe. Matarsa Leah ma sai da ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwa, shekara da shekaru a gonar Baba Michael kafin a ba shi ita. Daga nan ya shiga soja, ya dawo da ƙafa ɗaya mai gardama.

Ranar da ya ce mini ya shiga jami'a ta intanet, wadda ba a biyan kuɗin karatu, na ce, "Soja, ni ko kunu aka ce kyauta ne sai na leƙa gindin kofi." Bai yi dariya ba, dama ba ya yi. Ya dinga karatu a waya, yana bin sabis lungu-lungu kamar mai neman ɓatacciyar akuya, har ya kai jarrabawar ƙarshe.

Dokarta mai tsauri ce: kyamara a buɗe, kada kowa ya shigo, kada fuskarka ta ɓace. Wanda aka zarga da satar amsa korarsa ake yi, duk wahalar baya ta tafi a banza. Anselm ya ara masa kwamfuta da sitonsa mai sola. Ni aka ɗora a ƙofa, wai bakina ya fi kwaɗo rufe hanya.

An fara ke nan sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke Baba Michael, sanda a hannu, zakara a hammata.

"Tela, ina surukina?"

"Baba, sannu da hanya. Yana ciki, jarrabawa yake yi."

"Ina malamin?"

"Yana ƙasar waje."

"To wa ya hana shi fitowa?"

Na yi ƙasa da murya, shi kuwa ya ɗaga tasa. Ya ce tun daga Manga ya taso, kuma a duk shekarun golmo bai taɓa kiran yaron nan sau biyu ba. Ya buga ƙofa da sanda. "Markus."

Na leƙa ta tsagar taga. Markus ya daina taɓa kwamfuta. Na girgiza masa kai har wuyana ya yi ƙara. Bai buɗe ƙofa ba. Sai kawai ya zame daga kujera, ya kai gwiwa ƙasa har da mai ciwon, ya sunkuyar da kai wajen ƙofar da ke rufe. Mutumin da ake yi wa durƙuson ma ba ya ganinsa. Da ya koma kujera, jan rubutun gargaɗi ya riga ya fito a kwamfutar.

Makarantar ta aiko cewa ya ɓace daga kyamara, ana zargin takarda ya duba a ƙarƙashin tebur, za a zauna da shi ta bidiyo. Kwanakin nan Markus bai ci abin kirki ba. Leah ta daina gaishe ni, kamar ni na haifi ubanta. Ni kaina na ɗinke wa wani hannun riga a baibai.

Ranar zaman, Baba Michael ya dawo ba wanda ya gayyace shi, ya zauna daga gefe. Wata mata mai tabarau ta fito a kwamfuta, Anselm na fassara mana a hankali. Ta tambayi me ya kai shi ƙasa. Markus ya yi bayanin golmo iya Turancinsa na bariki, cewa in uban matarka ya kira ka, durƙusawa kake yi. Ta ce, to ai mutumin ba ya ganinka.

"Ni ai na ji shi," in ji Markus.

Matar ta kunna bidiyon ranar jarrabawar, muka ji bugun sanda, muka ji zakara, muka ji ni ina magiya da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Tsoho ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika kyamara. "Gaya mata ni ne. In kora ce, ni za ta kora."

Ta ce ba za a kore shi ba. Amma waccan jarrabawar ta mutu, sai ya sake wata, kuma in ya kuma ɓacewa babu sauran magana.

Ranar sakewar aka sauke ni daga muƙami. Baba Michael ne ya zauna a ƙofar sito, sanda a kan cinya. Anselm ya zo ɗaukar katon ɗin sabulu a sitonsa na kansa, tsoho ya tare shi. "Koma, ɗana. Yaron yana aiki."

Markus ya ci. Har yau yana gadi, takardar shaidar karatun na cikin akwatin Leah, yana jiran kiran aiki. Zakaran kuwa ni na cinye, ladan ƙofa.