Garkar Iya da Ruwan Batir

Iya, kakata, ba ta taɓa kiran sunan Baba ba. Ɗan farinta ne, kunyarsa take ji, ko ido ba ta haɗawa da shi. In tana da magana da shi, sai ta faɗa wa bango ko mu jikoki.

A bayan gidanmu, can cikin birni kusa da Ƙofar Doka, tana da 'yar garka ta yakuwa da kuɓewa. Shekarar da aka sallami Baba daga aiki, ya koma fasa tsofaffin baturan mota yana narka dalmar ciki. Ruwan batir da tokar duk a gefen garkar yake zubarwa. Damina biyu, shukar ta tsaya cak. Na ga Iya ta tuge kuɓewa ɗaya. Saiwar guntuwa ce, baƙa, ta dunƙule kamar yatsan da ya ƙone. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗaure ta a bakin zane.

Ran nan bayan magariba muka kewaye murhu. Baba na alwala a tsakar gida. Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan, ku kasa kunne. An yi wani maƙeri, kullum sai ya ba ƙasa ragowar wutarsa. Ƙasa ta haɗiye, ba ta ce uffan ba. Ya ce, kai, wannan baiwar Allah akwai haƙuri! Ashe can ciki tana cizon yatsun 'ya'yanta, su gero, su dawa, har suka kasa miƙa ƙafa su sha ruwa."

Na ce, "Iya, sai maƙerin ya daina?"

"Ina fa! Da ta gama da nata 'ya'yan, sai ta tambayi nasa."

Ba ta rufe tatsuniyar ba, ta dai tura itace cikin wuta. Baba ya yi dariya ya ce tsohuwa ta fara tsorata yara, ya wuce masallaci. Har yau ina jin haushin dariyar nan, ina kuma jin haushin kunyar da ta hana Iya buɗe baki.

Ƙanena Habu a garkar yake rarrafe, yana dumbuzar ƙasa yana kai wa baki. Ciwon ciki ya fara, sai suma. Bai kai shekara huɗu ba ya rasu.

Sai da na yi karatun noma na san dalma kan kashe bakin saiwa, wurin da take tsirowa, tun ganye bai nuna komai ba. Na san kuma abin da take yi wa jikin yaro. Ban gaya wa Baba ba.

Bayan rasuwar Iya, muna kwashe kayanta, Baba ya ci karo da busasshiyar saiwar nan a ƙullin zane. Ya juya ta a tafin hannu, ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Ashe da ni take."