Tsohon da Ya Hana Kumandan Kwikwiyo

Ko hankalina zai gushe, ban jin zan manta ranar da na je sayen kwikwiyo a Yekuwa, zamanin Faransa na mulki. Dila ta addabi ƴan awakina, aka ce in je wurin wani tsohon maharbi mai karnuka.

Na tarar da karyarsa kwance ƙarƙashin rumbu, ƴaƴanta biyar na tsotso. Maimakon ciniki, sai tsohon ya rufe ni da tambaya. Ina karen zai kwana? Me zan ba shi? Yarana na jifar dabba?

Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, kare na zo saya, ba auren ƴarka na zo nema ba."

Ya ce, "Ai shi ya sa. Ƴata tana da bakin kawo ƙara. Ka dawo in sun bar nono."

Muna cikin haka sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, bisa doki, wai kumandan, Baturen mulki na Magarya, na son kwikwiyo ɗaya, yau-yau. Tsohon ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Kwanansu ashirin. In ka raba shi da uwar, gawa za ka kai bariki. Ban badawa."

Gardin ya miƙa hannu ƙarƙashin rumbu, karyar ta taso masa, ya ja baya har hularsa ta faɗi. Kunya ta sa ya huce kan tsohon da bulala, ya ɗaure shi zuwa aikin hanya. Ana jan sa ya waiwayo ni ya ce, "Ɗana, ka ba karyar kunun dusa safe da maraice, kada nononta ya ƙafe."

Ni da na zo da fushi, kwana goma ina sintiri da ƙwarya. Mutane suka yi ta cewa zan jawo wa kaina bariki. Na ce su zo, nan za su same ni.

Ran da tsohon ya dawo, baya duk shatar bulala, ko ruwa bai sha ba sai da ya durƙusa ya leƙa rumbun. Na yi hawaye, ban ɓoye ba. Da lokaci ya yi ya ba ni ɗaya, ya ce ran da ya ga haƙarƙarinsa waje zai zo ya ɗauke abinsa.

Tun daga nan, duk wanda ya miƙo mini kwikwiyo bai nuna mini uwar ba, bai kuma tambaye ni komai ba, sai in juya in bar masa kayansa.